Baƙi Mai Takalmi

Ajina huɗu na firamare, daga nan sai gwangwanin fenti. Shekara ashirin da wani abu ina rubuta allo a Kaura Namoda, kuma hannu biyu gare ni. Akwai siririn baƙi mai rangwaɗa, na mai aski da mai shayi da bayan mota. Akwai kuma mai kauri, wanda kowane harafi ke tsaye da ɗan dandamali a ƙasa da sama. Mu muna ce mishi mai takalmi. Ba ya wasa. Shi nake sa wa kotu da asibiti da makaranta.

Mutanen ƙauye ba su karanta boko, amma sun san wannan baƙin. In sun gan shi, sun ga hukuma.

Da aka ba mu jiha, aka zo aka ƙaddamar da Shari'a, aiki ya yi mini yawa. A goge Sakkwato a sa Zamfara, ga kwamiti kaza, ga ofishi kaza. Cikin wannan rububin wani mutum ya zo daga Shinkafi, gemu sabo fil, wando ɗangale, carbi har ƙasa. Da can kaset yake sayarwa a tasha. Ya ce in rubuta mishi CIBIYAR LAFIYAR DABBOBI.

Na ce, "Siriri ya ishe ka."

Ya ce, "Haba Malam, mai takalmi nika so. Kore bisa fari."

Na san abin da yake nema. Na rubuta. Har na tsaya na gyara takalmin wasu haruffa don su yi kyau, abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in tofar da yawu.

Bayan damina wani Bafulatani daga wajen Gurbin Bore ya same ni a rumfa. Tsohon aminina ne, matarsa ke kawo wa gidana man shanu. Bai zauna ba. Ya kai shanunsa allura a cibiyar mai gemun nan ranar kasuwa, huɗu sun mutu, cikinsu har da nagge mai ciki. Ashe ruwa ne aka rina da maganin da ya lalace.

Na ce, "Kai kuwa mi ya kai ka? Ba ka tambaya?"

Ya ce, "In tambayi wa? Hannunka na gani. Irin na asibiti."

Ni na ja shi muka kai ƙara, na biya mana mota. Ina so ko saniya ɗaya a biya shi, in iya kallon idonsa. Alƙali ya sa aka ciro allon aka jingina a bango. Ya karanta da ƙarfi, sau biyu.

Ya ce da ni, "Ina aka rubuta gwamnati a nan?"

Babu. Ya ce ina shaidun da suka ga allurar ce ta kashe? Babu. Mai gemu yana ta jan carbi, yana cewa ajali ne, Allah ya mayar da alheri. Alƙali bai yi zalunci ba, abin da ke rubuce ya karanta. Ƙaryar tana cikin kaurin baƙin, kuma ba wanda ya zana shi sai ni.

Muka fito. Aminina ya ƙi shiga motar da na tsayar mana, ya rataya sandarsa ya bi hanya da ƙafa. Tun daga ranar man shanu bai sake shigowa gidana ba.