Sunan da Ba Na Faɗa

Gida kowa lafiya. Ƙafar Malam ta yi sauƙi, ɗiyata Hadiza ce ke fama da mura. Mai ciwon gaske shi ne akwatin da ke raba wa kwamfutoci intanet a shagon babban ɗana, nan Aliero.

Ya tafi Gumbin Kure cirar albasa, ya bar mini shago. Jiya akwatin ya sabunta manhajarsa, ya ce sai an sa kalmar sirri. Yaron ya taɓa gaya mini sunansa ne kalmar.

Na kira Garba mai gyara, wanda da "Injiniya" kawai ya san ɗan nawa.

"Inna, mi as sunanai na yanka?"

"Haba Garba, ɗan fari ne fa. A bakina za ka ji?"

"To, rubuta."

Na rubuta da kaina a gurbin kalmar sirrin, yadda na koya a ajin yaƙi da jahilci. Sau uku akwati yana ƙi, daga nan ya kulle gaba ɗaya. Har yanzu ban san harafin da na ɓata ba.

Alhamis ɗalibai za su zo rajistar jarrabawa, waya kuma ba ta shiga inda yaron yake. Don Allah mai zuwa Gumbin Kure ya amsa mini a wannan zauren kafin Laraba. Ku nemi Injiniya, ku ce masa akwati ya kulle. Ɗaya sunan kam, ba daga wurina ba.