Tabarmar Baba da ƙarfe huɗu

Wata Laraba bayan girbin gero, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, shanu biyu suka jawo wata matacciyar bashe, ƙaramar motar ɗaukar kaya, har cikin gidanmu a Ƙonni, Baba yana zaune a mazaunin direba yana murza sitiyari kamar ita ke tafiya da kanta. Ba ta da gilashin gaba, tayarta ɗaya igiya ce ta riƙe ta, ɓeraye sun cinye kujerar. Inna ta tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, wagga gawa fa, ina za mu binne ta?" Baba ya shekara ashirin yana tuƙa motar siminti daga Malbaza, da abin da ya tara ya saye ta, don ya tashe ta ya riƙa kai albasa da wake kasuwanni, ya huta da yi wa wani aiki.

Ya kafa rumfar kara ƙarƙashin dogon yaro, nan ya zama garejinmu. Baba direba ne, gyara a bakin hanya ya koye shi, kuma bai iya karatun boko ba, don haka tabarma ce littafinsa. Duk abin da ya kwance daga injin sai ya jera shi a kanta daga dama zuwa hagu, yadda ya fito, in ya zo mayarwa ya biyo layin a juye. Dokarsa ɗaya ce, "Kowane ƙarfe ya san ɗakinsa, kada wanda ya taɓa." Ni ne babba, ni ne namiji, ni ke ƙera motocin kara mafi kyau a unguwarmu, har da fitilun murfin kwalba. Na ɗauka tsaron tabarmar nawa ne. Sai aka ba Rakiya, ƙanwata mai shekara tara.

Gaskiya ta fi ni. Kallo ɗaya take yi wa layin ta riƙe shi, hannunta siriri yana shiga inda na Baba ba ya kaiwa, kuma ba ta gajiya da zama, ni kuwa da na ji yara sun fara langa a waje ƙafata take ƙaiƙayi. Ina dawowa daga kiwon awaki ko ɗibar ruwa sai in tarar da su kai da kai, tana wanke noti cikin kwanon gazuwal, man dizal, yana kiranta "shef", wato shugaba. Ni sunana "miƙo mini tsumma". In abokansa direbobi suka zo shan shayi yakan nuna ta ya ce, "Wagga ɗiya tawa kunnenta ya fi nawa."

Ranar da zai haɗa cikin injin, akwai wasu ƙarafa huɗu masu siffar rabin wata a tsakiyar tabarmar, murafan biyel, waɗanda ke riƙe hannuwan fistan. A ido duk ɗaya suke, amma kowanne ya goge daidai da mazauninsa. Aka kira azahar, Baba ya tafi masallaci. Na zo na ce wa Rakiya Inna na kiranta, alhali ba ta kira ta ba. Tana juya baya na ɗauki na biyu na sa a wurin na uku, na uku a wurin na biyu. Ban yi nufin kashe mota ba. So nake kawai wani abu ya ƙi shiga, Baba ya ɗaga kai ya yi mata tsawa sau ɗaya a gabana.

Sai ƙarafan duka suka shiga. Baba ya ji injin ya ɗan yi tauri, ya ce sabon mai zai sake shi. Bayan sati motar ta tashi, mata suka yi guɗa, muka cika bayanta da yaran unguwa muka ɗauki hanyar Tsarnawa. Ba mu kai ba ta fara ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmin ƙarfe, ta yi hayaƙi, ta tsaya. Shanun da suka kawo ta su suka mayar da ita. Da Baba ya buɗe injin ya ga ɓarnar, bai yi tsawar da nake jira ba. Ya dubi Rakiya ya ce a hankali, "Koma wurin uwarki." Ta wanke hannu da toka ta tafi. Aka ba ni tabarmar, amma babu sauran abin jerawa. Baba ya koma tuƙin siminti har ƙarfinsa ya ƙare, kaji suka yi ta ƙwai a cikin bashen, ya rasu ban faɗa masa ba.

Bara na je Dogarawa inda Rakiya ke aure, na same ta tana gyaran injin niƙanta da kanta, na zauna na fara kame-kame, ina son faɗa mata abin da na yi. Ba ta bari na ƙarasa ba. "Na biyu da na uku," ta ce. "Na biyun yana da ɗan tabo, ina komowa na gani." Na ce don me ba ta faɗa ba. Ta goge hannu a zane ta yi dariya. "Da na faɗi kai za a kora, Yaya, kai kuwa in an kore ka kuka kake, majina har baki."

Yau ina da gareji a gidanmu na Ƙonni, da na'urar da ke gaya mini ciwon mota, da akwatuna masu lamba, ba na bukatar tabarma. Duk da haka ina shimfiɗa ta. Wani lokaci nakan ɗaga kai daga injin in dubi gefenta, inda ya kamata a ce shef tana zaune. Ni na tashe ta daga wurin, kuma har yau ban iya cika shi ba.