Fetur Mai Tsabta da Ɗakin Inna Abu

Har gobe ban taɓa mantawa da ranar da aka kashe mini sabon inji da fetur mafi kyau a duk faɗin Katsina ba. Ku masu koyon aikin nan, tunda kun matsa sai kun ji abin da ya sa na rubuta wa jarkata "kada a taɓa" da jan fenti, to ku gyara zama.

Abin ya faru wata Laraba cikin watan Agusta, a daminar shekarar da aka cire tallafin mai. A lokacin shekarata goma sha bakwai a sashen kula da itatuwa, matsayina kuma mai inji. Ga wanda bai san tsarinmu ba, leburori ne a ƙasa, su ke riƙe igiya su kwashe rassa. Sai mai inji, wanda ke hawa ya yanka. Sai shugaban sashe, mai sa hannu a takarda. Ba a taɓa itace a cikin gari sai mai gida ya kawo koke ta hannun mai unguwa, an je an duba, an amince.

Koken da ya fitar da mu ran nan na wata tsohuwa ce a Ƙofar Marusa, ana ce mata Inna Abu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana sayar da daddawa, kuma duk abin da ta mallaka ɗaki ɗaya ne na ƙasa mai rufin kwano. A ƙofar gidan akwai wani tsohon bedi, wanda Kanawa ke cewa darbejiya. Wani reshensa mai kaurin turmi ya miƙe ya kwanta daidai saman ɗakinta. Damina uku takardarta tana cikin fayil. Duk sanda hadari ya fara haɗuwa sai ta zo ofis, mu gaisa, a ce mata ana kan dubawa, ta yi mana addu'a ta koma. Shi ma reshen haƙuri ya yi ta yi, bai faɗo ba.

Sai aka kawo mana sabon shugaba, Alhaji Kabir, daga sashen motoci. Zan faɗi gaskiya a kansa: ba ya cin haram, ba ya son zaman banza. Sati biyu da zuwansa ya kakkaɓe tsofaffin fayiloli, ya kuma fito mana da sabon injin yankan itace, abin da muka yi shekaru muna roƙo. Aibinsa ɗaya ne. Ya san mota ciki da waje, don haka a ganinsa duk abin da ke shan fetur ƙanen mota ne.

To injinmu ba haka yake ba. Mota tana da wurin fetur daban, wurin man juye daban. Injin yanka kuwa ba shi da inda zai ajiye man da ke shafe fistin ɗinsa. Dole a cikin fetur ɗin ake zuba masa wani mai na musamman da muke kira man tuti, a girgiza su haɗu, shi ya sa za ku ga fetur ɗinmu ya yi shuɗi-shuɗi. Lita biyar ta fetur, ƙaramar kwalbar awo ɗaya ta mai. In ka ba shi tsantsar fetur zai tashi, har ya yi kuka mai daɗi fiye da kullum, amma cikin 'yan mintoci ƙarfe zai ci ƙarfe, ya buga. Ramin nan na biyu da kuke gani a jikinsa ba na inji ba ne, na man sarƙa ne, mai sa ta sulɓi a kan takobi, wato dogon ƙarfen da take zagayawa.

Da safen na yi duk abin da nake koya muku. Na wasa haƙoran sarƙa da magagari, na ja ta na ga ba ta saki ba, na wanke matatar iska, na goge fulogi. Na haɗa sabon mai, don man da ya wuce wata a jarka ba na yarda da shi. Tankin injin kuwa wayam yake, domin al'adata ce in na gama aiki, ko da gwaji ne, in juye shi kada mai ya kwana ya daskare a ciki. Wannan kyakkyawar al'ada tawa ita ma ta ba da gudummawarta ran nan.

Muka isa wajen ƙarfe goma, ni da Sale, babban leburanmu, da wasu leburori uku, da Alhaji da kansa, don aikin farko ne na sabon inji. Mai unguwa ya fito, maƙwabta sun cika lungu, wasu har sun ɗaga waya. Inna Abu ta kawo mana ruwa a kwanon sha, murna ta hana ta zama. Na ɗauko jarka da mazurari zan zuba mai, sai na ji Alhaji ya ce in dakata.

"Malam Lawal, wane irin mai ne wannan?"

"Na inji ne, ranka shi daɗe."

Ya karɓi jarkar ya ɗaga ta sama, ya nuna wa jama'a. A wancan lokacin kowa a tsorace yake da man 'yan bumburutu, masu sayarwa a bakin titi, don ana yawan kuka cewa wasu na haɗa shi da kananzir. Ya ce, "Jama'a, kun taɓa ganin fetur shuɗi? Wannan gauraye ne. Da irinsa aka kashe mana motoci."

Na ce, "Yallaɓai, ai haka ake mashi."

"Haka kuke mashi," in ji shi, "shi ya sa inji ba ya daɗewa a hannunku."

Mutane suka yi dariya. Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Alhaji ya buɗe but ɗin motarsa ya kulle jarkata a ciki, har da kwalbar man tuti, ya fito da wani galan da ya sayo a gidan mai da kuɗin aljihunsa. Fetur garai-garai, kamar ka sha. Ya nuna ramin man sarƙa ya ce, "Ga wurin man juyensa nan, na ga ka cika. Kowa da ɗakinsa." Sannan ya yi bisimilla ya zuba da hannunsa.

A nan ne zan faɗi laifina, don ba na son ku tashi da cewa Alhaji ne kaɗai. Na san abin da zai faru kamar yadda na san sunana. Jimla biyu za su wadatar. Amma sai na dubi mai unguwa, na dubi wayoyin nan, na tuna mutumin nan sabo ne, kuma shi ya sayo mana injin. Ta yaya zan ce masa bai sani ba a gaban jama'a? Sai na fara yi wa kaina lissafin matsorata: aikin minti goma ne, injin sabo ne, zai jure, in na sauko na gyara a ɓoye. Sale ya dube ni, na kau da kai. Na ce, "To, ranka shi daɗe."

Muka fitar da kowa daga gidan, na ɗaura igiyar tsaro na hau. Ja ɗaya injin ya tashi. Daga ƙasa na ji Alhaji yana cewa, "Kun ji bambanci?" Kuma wallahi akwai bambanci. Ban taɓa jin inji yana waƙa haka ba.

Ka'idar yanke reshen da ke saman gini ita ce ka fara daga baki, kana ragewa gunduwa-gunduwa, ana saukewa da igiya. Haka na fara, na sauke ƙananan. Amma sai na ji hannuna yana ɗaukar zafin da ban saba ji ba daga jikin injin, ga hadari ya fara taruwa a gabas. Sai na yi kuskure na biyu don in rufe na farko. Maimakon in ci gaba da ragewa, na ce bari in gama da babban a yanka ɗaya kafin injin ya gaji. Na ɗaure shi, Sale da mutum uku suka riƙe igiya. Na tsaga ƙasan reshen, na dawo sama na shiga. Na wuce rabi kaɗan, kukan injin ya sirance, ya yi wani tari, ya ɗauke. Na ja igiyar tayarwa, ta ƙi motsi kamar an yi mata walda.

Ku yi tunanin halin da nake ciki. Reshen da ya shekara uku lafiya lau, yanzu ga shi na yanke masa fiye da rabi, takobin inji a maƙale a ciki, ɗakin Inna Abu a ƙasa, iska ta fara kaɗawa. Na hau bedi, kuma na hango abin da babba bai hango ba, sai dai ba shi da amfani a lokacin.

"Malam Lawal, mi ya faru?" Alhaji ya ɗaga murya.

"Ya buga, ranka shi daɗe."

"Sabon inji? Da wannan man?"

"Da shi, ranka shi daɗe."

Na ce a miƙo mini gatari. Aka aro na wani mai faskare, aka ɗauro mini. Na yi sara bai fi goma ba ruwa ya kece. Niyyata in ƙarasa shi ta gefen titi don su Sale su janye shi can. Iska ba ta jira niyyata ba. Na ji ƙara a ƙarƙashin ƙafata, na rungume gangar itacen, reshen ya tsage ya juya. Mutum huɗu ba sa riƙe irin wannan nauyi da jiƙaƙƙiyar igiya. Na yi ihu su saki, suka saki. Ya sauka a kan kwanon nan da injin a jikinsa, ya tafi da rabin rufin da kusurwar bango.

Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Amma ruwan nan ya yi awa biyu yana zuba a cikin ɗakin ƙasa marar rufi. Katifarta, da buhun geronta, da daddawar da ta yi kwanaki tana haɗawa, duk suka tafi. Tana tsaye a zauren maƙwabta tana kallo, ba ta yi kuka ba. Da na sauko, abin da na ji tana faɗa wa mai unguwa shi ne, "Shekara ukku reshen ga na bisa kaina bai taɓa ni ba, sai yau da aka zo taimako na."

Washegari muka kai injin wurin Malam Mati bakanike a Ƙofar Guga. Ya kwance shi, ya fito da fistin duk ya kakkarce, ya shinshina tanki, ya dube ni ya ce, "Wane jahili ya ba shi tsantsa?" Alhaji na tsaye a gefena. Ya saurari bayanin har ƙarshe. Da muka koma mota ya buɗe but ya miƙo mini jarkata da hannu biyu. Shi ya sayi kwano da katako daga aljihunsa, ni da Sale muka yi ta zuwa Asabar da Lahadi muna kwaɓa ƙasa. Sati biyar Inna Abu tana kwana a ɗakin maƙwabciya.

Rahoton da ya tafi sama kuwa cewa ya yi iska mai ƙarfi ce ta karya reshe ana tsakar aiki, kuma ba ƙarya aka yi ba, an yi iska. Bayan wata biyu sai ga takardar yabo da sunana, wai saboda jarumtar da na nuna a kan itace cikin ruwan sama. Tana nan a ƙasan akwatina. Ban taɓa nuna wa matata ba.

Ranar da muka gama rufin, Inna Abu ta dama mana fura. Sale da bakinsa ba ya riƙe magana ya riga ya ba ta labari. Ta bari na sha, sannan ta zauna a kan turmi ta ce, "Lawal, wai da gaske ka san man ga zai kashe inji?"

Na ce, "Na sani, Inna."

"Tun kana ƙasa?"

"Tun ina ƙasa."

"To mi ya hana ka faɗi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Kunyar manya, Inna. Babba ne, ga jama'a."

Ta ɗaga kai ta dubi sabon kwanon. Can ta ce, "Allah sarki. Ai ni ma babba ce, ɗan nan. Na haifi kamarshi."

Na sha faɗa a wurin shugabanni a rayuwata, har takardar gargaɗi na taɓa karɓa, amma babu wadda ta shige ni kamar wannan magana. Na ji kunyar mutum mai gida da mota na minti ɗaya, na manta da mai ɗaki ɗaya da ke tsaye da kwanon ruwa a hannu.

Abin da na koya shi nake gaya muku. Ku haɗa manku da hannunku, ku auna, kada ku yi kirdado, kada ku bar shi ya tsufa, kada ku hau da sarƙa mai dakushi. Wannan duk mai sauƙi ne, cikin sati za ku iya. Mai wuyar shi ne ranar da wanda ya fi ku zai miƙo muku galan da kyakkyawar niyya, jama'a suna kallo. Ran nan ku rusuna, ku ce masa ranka shi daɗe sau nawa kuke so, amma ku ɗora tafin hannu a kan murfin tanki, kada ku ɗauke sai ya ji bayani. In kuma kunya ta kama ku, ku fara duba ɗakin wa ke ƙarƙashin reshen.