Mai Duba Hatsi da Ya Hana Yayan Matarsa Hatimi

Kafin masu dako su gama karyawa yake isowa ma'ajiyar hatsi, ya jingine kekensa, ya zaro ƙarfen da yake sokar buhu da shi. Shekara talatin da biyu ke nan gwamnati ta ɗora masa duba amfanin gona, in ya gamsu ya buga hatimi kaya su wuce. Direbobi suna kiransa Tsakiyar Mota, kuma ba don ƙauna suka raɗa masa ba. Buhunan bakin ƙofa ko kallo ba su ishe shi ba. Sai an sauke rabin lodi ya soki na ciki, ya shinshina, ya ciji ƙwayar. Matarsa kan ce haƙoransa ma ma'aikatan gwamnati ne.

Har yau masu dako suna ba da labarin ranar da yayan matar tasa ya kawo gyaɗa mota guda, wadda za a kai makarantun kwana. Wannan yayan shi ya riƙe ta tana marainiya, shi ya ba shi aurenta. Aka sauke rabi kamar kullum, sai ƙarfe ya fito da gyaɗa duk fumfuna.

"Haba, har ni?" in ji yayan. "Buga mini hatimi in wuce, buhu nawa ne suka ɓaci?"

"Yaya, ka yi haƙuri. 'Ya'yan mutane za su ci."

"To, madalla. Na ga sakayyata."

Tsakiyar Mota ya ɗauki biro ya rubuta takardar hana kayan. Shekara tara yayan bai taka gidansu ba, ko da aka haifi autarsu bai leƙo ba. Matar ta sha kuka. Mijin kuwa ya yi ta zaryar ban haƙuri gidan yayan, ana ce masa mai gidan ya fita, alhali ga takalminsa a ƙofa.

Tsakiyar Mota, kai ne ka haɗiye wannan baƙin ciki ba ka taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Kai ne katangar yaran da ba su san kana duniya ba. Wallahi muna alfahari da kai.

Makon jiya aka yi masa taron ajiye aiki. Ana dab da tashi wani dattijo ya miƙe daga kujerar baya, yana dogara sanda. Yayan ne.

"Jikata tana makarantar kwana yanzu," in ji shi. "Ranar da na kai ta, na tambayi mai dafa abinci wa ke duba musu hatsi. Da ya faɗa mini, hankalina ya kwanta." Ya juyo. "Ƙanena, gobe ka kawo mini 'yar'uwata."

Mun gode, Tsakiyar Mota, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, wata rana naku zai tsaya gabanku da ruɓaɓɓen kaya yana kiran zumunci. Ranar, ku tuna akwai wanda ya ce a'a.