Amya Uku a Bayan Ɗakin Hammawa

Mutanen Jajaye sun san Hammawa da shanu tun kafin su san shi da dogara sanda. Shekarar da cutar bushiya ta shigo ƙasar Rogo ta share masa garke tas, ko ɗan maraƙi ba ta bar masa na dangana ba. Ya koma noma, sai sanyin ƙashi ya ce bai san zancen ba. Yatsunsa suka karkace kamar citta, gwiwoyi suka kumbura, har fartanya ta gagare shi. Matarsa Tasalla ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli, kuma babu abin da ke ci masa rai irin a ajiye masa tuwon da ba guminsa a ciki.

Daga nan ya shiga kiwon zuma. Kowa ya san a kan bishiya ake ɗora amya, shi kuwa ko turmi ba ya iya hawa. Sai ya sa aka kafa masa gwafanni a bayan ɗakinsa, daidai ƙirjinsa. Rani guda ya kwashe yana saƙa amya uku da ciyawa, in yatsu sun ƙi ya ja igiya da haƙori. Kashin shanun da ya shafe su da shi ma sai da ya roƙa a maƙwabta, shi da a da ake zuwa neman taki wurinsa. 'Yan gari suka yi ta dariya, wai zuma ba kaza ba ce da za a yi mata akurki. Da ɗorawa ta yi fure ƙudan zuma suka shiga amya biyu, ta ukun ta zauna wayam.

Hammawa ya sami abin yi. Da hantsi zai ja jiki ya zuba musu ruwa a kasko, ya jefa tsinkaye don kada su nutse, ya barbaɗa toka a gindin gwafa saboda cinnaka. In sun harbe shi ma cewa yake magani ne.

Da bazara amyoyin suka yi nauyi, ciwon kuma ya tashi har buɗe murfin amya ya fi ƙarfinsa. Ya kira maƙwabcinsa Ɗantala, wanda ya yi suna wajen ɗiban zumar kogo a daji.

"Ɗantala, hayaƙi kaɗan za ka yi musu," in ji Hammawa. "Ka yanki saƙar gefe, ka bar musu 'ya'yansu."

"Haba Baffa, ni za a koya wa zuma? Zauna kawai ka sha kallo."

To, a daji ba a barin komai a kogo, don in ka bari wani ne zai sha. Haka hannun Ɗantala ya saba. Da almuru ya kunna damin ciyawa, ya cusa shi har ciki. Hammawa na zaune a ƙasa can gefe ya ji ƙauri. Ya kwaɗa kira, ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Yana ji yana gani aka gama da ta farko aka koma ta biyu, ƙudan suna zubowa ƙasa a ƙone, bakin amyoyin na ci da wuta.

Ɗantala ya dire ƙwarya biyu a gabansa, cike fal, yana ta washe baki.

"Ka ga albarka, Baffa! Ko ɗaya bai harbe ni ba."

Hammawa ya dubi amyoyin da suka ƙone. Ya san yatsun nan ba za su sake saƙa amya ba, sun yi ta ƙarshe. Yana da maganar da zai faɗa wa Ɗantala, mai zafi, irin wadda ba a sake gaisawa bayanta. Amma Tasalla ba ta iya ɗaga shi daga ƙasa, kuma ba wani namiji a kusa.

"Allah ya saka da alheri," ya ce, sannan ya miƙa masa hannu.