Kasakasan da Babu Muryar Kawu Sani

Shekara shida ke nan da rasuwar Kawu Sani, wan mahaifiyata. Ina ƙarama ya bar mu, ba na kuma iya magana cikin mutane, shi ya sa na rubuto.

Tsofaffin unguwar New Bell sun san shi. Kafin a haife ni, shi ke gabatar da filin waƙoƙi da gaishe-gaishe na Hausa duk Asabar a wani ƙaramin gidan rediyo, wanda yanzu ya zama shagon taya. An ce teloli kan tsayar da keke in ya fara jero sunaye, daga Ndogbong har Bonabéri. Ni abin da na riska dattijo ne mai tari, mai goge gilashinsa da bakin riga.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Kowane ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, da waƙarsa a kunne, ba mai jiran Asabar. Ina jin kallo kawai zai yi, ya koma ciki.

A watan jiya Hajiya, kakata, ta ce muryarsa ta fara ɓace mata, tana so ta ji ko sau ɗaya. Muka ciro kwalin kasakasai daga ƙarƙashin gado, muka aro rakoda. Mama ce ta naɗi shirinsa a cikinsu tana budurwa. Sai dai a lokacin kowa waƙa zalla yake so, da mai gabatarwa ya buɗe baki sai a danne maɓalli. Mama ta ce ta fi duk ƙawayenta saurin yatsa. Ta ce wa zai ɓata kaset a kan surutun mutumin da za a ci tuwo da shi anjima?

Kullum na dawo daga makaranta sai na zauna ina juyawa. Waƙa, ƙas, wata waƙar. Wani wurin jan numfashinsa kaɗai ya shiga. Mama ta daina zama a ɗakin. Ni ma na gaji, kaina har ciwo yake.

A wani kaset mai tsagaggen murfi muka same shi, wataƙila ranar an aiki Mama. Tallar maganin sauro yake karantawa, da Hausa, sannan da Faransanci, yana dariya a tsakiya. Bai kai minti ɗaya ba. Iyakar abin da ya rage ke nan.

Hajiya ta kara kunne jikin rakodar, ta ce in maimaita. Da ya ƙare ta ɗago.

"Mura yake yi ranar," in ji ta. "Na ce masa ya sa rigar sanyi, bai ji ba."