Waken da Na Hana Autata

A lokacin da abin nan ya faru, na shekara talatin ina sayar da yaji da daddawa da kuka a wani ɗan shago a Barnawa, kuma duk layin an san ba a kawo min wargi. Ban taɓa zama a aji ba, wannan wasiƙar ma maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa mata. Amma ina da ido. Mace na shigowa, kafin ta buɗe baki na san mai saye ce ko mai taya banza.

Autata ta gama hidimar ƙasa, aka yi mata tayin aiki a Abuja. Ta ce ta fi son zama kusa da ni mu raya shagon. Ta nemi wata uku za ta yi tallar kayana a waya. In tallar ta kawo mutane ta zauna, in ba ta kawo ba ta tafi. Ta ɗauki hotona ina kwashe yaji daga turmi, tana min tsiya wai in saki fuska kada a ɗauka barkonon ne ya shiga min ido. Damuwarta ɗaya ce: wadda ta ga talla a waya da ƙafarta take zuwa shago, wayar ba za ta gaya mata an saya ba, ita kuma a gida take yini wajen daka da ƙulli. Da yake ba na rubutu, sai ta kawo gwangwanin madara biyu da kofin wake. Duk baƙuwar fuska in tambaye ta ina ta ji labarinmu. In a waya ne, in jefa wake ɗaya a gwangwaninta, in ba haka ba in jefa a nawa.

Ban tambayi kowa ba. A yadda na koyi sana'a, ba a tsare mai saye da wa ya aiko ki, sai ka ce ɗan sanda a shinge. Wannan shi ne uzurin da na ba kaina. Gaskiyar ita ce raina bai so a ce hoton wata uku ya fi sunan shekara talatin ba. Baƙi suka yi ta zuwa, ma'aikatan asibiti, matan Sabon Tasha, har da wata da ta hawo keke tun daga Gonin Gora. Kusan duk a gwangwanina na jefa. Ko waɗanda suka nuna min hoton a wayarsu, sai in ce da ma za su zo. Kullum da la'asar yarinyar nan za ta zo ta girgiza nata, ta yi murmushi, ta ce ba komai Mama, gobe ma rana ce. Wata uku suka cika da wake biyu kacal a gwangwaninta. Ta haɗa kayanta, ta roƙe ni gafarar ɓata min lokaci, ta tafi.

Ba a jima ba baƙin suka ɗauke ƙafa. Rannan matar wani bakanike ta shigo, da Hausarta gauraye da Turancin kasuwa, tana tambayar me ya sa Mama ta daina fitowa a waya. Ta ce ita da matan cocinsu gaba ɗaya can suka gan ni. Na auna mata yaji.

Na kira autata na faɗa mata komai. Ta yi dariya, ta ce a duniya ni kaɗai ce zan yi rowar wake. Ta yafe min nan take. Amma ta riga ta kama aiki, kuma tana son sa. Yanzu ƙarshen wata nake ganinta.

Iyaye masu sana'a, in ɗanku ya kawo sabuwar hanya ya ba ku amanar auna ta, ku auna da gaskiya, ku tambayi mai saye ko da kuna jin nauyi. Ni da ban taɓa tauye wa baƙo mudu ba, 'yar cikina na tauye wa.